Kasuwar Alkama a Punjab da Tamu ta Gida

Kawu, bayan gaisuwa da fatan an ci kasuwar Gujungu lafiya, ga bayanin da ka nema game da yadda manoman Indiya suke sayar da amfanin gonarsu.

A watan Afrilu na je Khanna, babbar kasuwar hatsi ta jihar Punjab, daidai lokacin da alkama take shigowa. Manomi yakan jawo ta da tarakta ya zube a kan dandamalin siminti, a sheƙe ta da inji, ma'aikaci ya soka na'ura cikin tsibin ya auna danshinta, kafin a ɗora ta a sikeli. Ban ga tiya ko ɗaya ba, balle gardamar da muka saba yi a Auyo kan ko buhu ya cika ko an tsakure shi. Dillalai suna nan kamar namu, har bashi suke ba manoma, sai dai la'adarsu sananniya ce, kuma tun 2021 kuɗin hatsin asusun manomi yake shiga kai tsaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farashi. Gwamnati takan bayyana mafi ƙarancin kuɗin da za ta sayi alkama tun watan Oktoba, kafin iri ya shiga ƙasa, kuma a kakar 2024 rupee 2,275 ne, kuɗin Indiya, kowane kilo 100. Hukumar abinci ta ƙasar, wadda aka kafa a 1965, ita da hukumomin jiha suke kwashe mafi yawanta. Mu kuwa mukan sayi taki da man injin ban ruwa da tsada, mu yi noman rani ba tare da sanin abin da buhu zai yi ba, sai kaka ta yi kowa ya fito da nasa rana ɗaya, farashi ya karye, 'yan kasuwar Dawanau su saye su kulle a sito har ya tashi.

Duk da haka ban ce a kwaso tsarinsu dungurungum ba. Tabbacin kasuwa ya sa manoman Punjab sun maƙale wa alkama da shinkafa, kuma da yake wutar jawo ruwa kyauta ce, ruwan ƙasa yana ta nisa, ana ta ƙara zurfin rijiyoyin burtsatse. Karan shinkafar da Fulaninmu za su saya wa shanu, su wuta suke cinna masa a Nuwamba, hayaƙin ya turnuƙe har Delhi.

Ina ganin ka taɓa wa ƙungiyar manoman fadamarmu maganar sayen sikeli kafin girbin bana, ni zan aiko da nawa kason.