Rangadin Wuni Ɗaya Daga Birnin Kebbi Zuwa Argungu Da Gwandu

Akwai wani ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye a Birnin Kebbi wanda ke kai baƙi da 'yan gari wuraren tarihin jihar, ana fita da safe a dawo da yamma. Tallarsu ta yi alkawarin zagayen Birnin Kebbi, da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, da bakin kogin Matan Fada, da abincin rana, sannan a ƙarasa Gwandu a ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kuɗin da ake biya ya haɗa da mota da ja-gora da abinci da kuɗin shiga, kuma ba a sake neman ko kwabo a hannunmu ba har muka dawo. Na bi su a cikin hunturu tare da wasu iyalai da ɗalibai, kuma ra'ayina shi ne cewa kamfanin ya yi dace da ja-gora wanda ya fi ƙarfin tsarin tafiyar da aka ɗora masa.

Matsala ta farko ita ce lokaci. An ce mu hallara da sassafe, muka hallara, amma motar ba ta iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kuma babu wanda ya yi waya ya ba mu haƙuri ko ya gaya mana dalili. Mota ce ƙirar bas, mai tsabta, kujerunta ba su da laifi, direban kuma natsattse ne wanda ba ya gudun ganganci. Sai dai wannan jinkiri na safe shi ne ya cinye rabon Gwandu da yamma, kamar yadda zan bayyana.

Zagayen Birnin Kebbi kusan duk daga cikin mota aka yi shi. An tsaya kaɗan a ƙofar Fadar Abdullahi Fodiyo, mazaunin Sarkin Gwandu, inda ja-goran ya fara da tambayar da yawancinmu ba mu taɓa yi wa kanmu ba: me ya sa Sarkin Gwandu yake zaune a Birnin Kebbi, Sarkin Kabi kuma yake Argungu? Daga nan ya warware zaren. Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga ƙarƙashin Songai, ya gina babban birninsa a Surame, wanda kufansa yake cikin Jihar Sakkwato a yau. Daga baya sarautar ta dawo Birnin Kebbi, ta zauna nan har shekarar 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ta ci garin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice da jama'arsa. Kabawan da ba su miƙa wuya ba su ne suka kafa sabon mazauni a Argungu, sarakunan Gwandu kuma suka tare a Birnin Kebbi a zamanin Turawa. Bayani ne na 'yan mintoci, amma shi ya ba sauran tafiyar ma'ana, domin duk inda muka sauka bayan nan mun san ko wane ɓangare na labarin muke taka.

A kan hanya mun wuce Ambursa, inda filin jirgin sama yake, muka kuma ratsa yankin Alwasa, wurin da aka gwabza ƙazamin yaƙi a 1805 wanda masu jihadi suka yi asarar mutane da yawa kafin su ja da baya zuwa Gwandu su sake shiri. Ban ji daɗin cewa ba a tsaya ba ko da na ɗan lokaci, amma ja-goran bai bar wurin ya wuce a banza ba, ya sa direba ya rage gudu ya yi mana bayani.

Gidan Tarihi na Kanta shi ne zuciyar wannan rangadi, kuma a nan ne na ga kuɗina ya biya. Ginin tsohuwar fadar sarakunan Argungu ce, wadda suka zauna a cikinta har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Da zarar mutum ya shiga zauren farko sai ya ji sanyin ginin ƙasa ya ratsa shi, idanunsa kuma su ɗauki ɗan lokaci kafin su saba da duhun ciki. An raba kayan ɗaki-ɗaki: takubba da masu, kwari da baka, sulke da lifidi, tambura, layu da guraye, sai kayan kamun kifi na gargajiya. Na daɗe a gaban wata rigar sulke ina duban yadda aka sarƙa ƙananan zobban ƙarfe ɗaya cikin ɗaya, wasu sun yi tsatsa sun manne, wasu kuma har yanzu suna motsi, sai na fahimci irin nauyin da barde yake ɗauka a kan doki cikin zafin bazarar wannan ƙasa. A cikin harabar gidan akwai kaburburan sarakuna, kuma kafin mu isa wurin ja-goran ya roƙe mu mu sassauta murya, mu ajiye wayoyi, mu yi musu addu'a.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya riƙe amanar labarin. Tarihin Kabi da Gwandu tarihi ne na yaƙi tsakanin Musulmi maƙwabta, wanda jikokin kowane ɓangare suna raye, suna auratayya, suna zama a ofis ɗaya, kuma abu ne mai sauƙi mai ba da labari ya karkata don ya faranta wa masu sauraro. Shi bai yi haka ba. Ya ba mu labarin Sarkin Kabi Karari wanda aka kashe a 1831, da ɗansa Yakubu Nabame wanda ya zauna a Sakkwato shekaru masu yawa kafin ya tayar da tutar Kabawa a 1849, da zaman lafiyar da ake kira Lafiyar Toga, da Sarki Sama'ila, wanda ake kira Sama, da ya hau a 1883 ya riƙe garin har zuwan Turawa ba a ci shi da yaƙi ba. Wani dattijo a cikinmu, wanda daga maganarsa na gane mutumin Gwandu ne, ya katse shi ya ce, "Malam, ai in za a faɗi gaskiya tawaye suka yi." Ja-goran ya rusuna ya ce, "Baba, haka mutanenku suka rubuta, kuma an karanta. Mutanen garin nan kuwa cewa suke yi gidan ubansu suka tsare. Ni aikina in kawo muku duka biyun." Dattijon ya yi murmushi ya ce Allah ya yi masa albarka, aka ci gaba. A ganina wannan ita ce ƙwarewar da ta fi haddace shekaru, domin yaran da ke tare da mu sun ga yadda ake saɓani cikin ladabi.

Gidan kansa yana buƙatar kulawa. Haske ya yi ƙaranci a wasu ɗakuna, rubutun bayanin da ke jikin wasu kaya ya koɗe, kuma wanda ya je ba tare da mai bayani ba zai fito da rabin abin da ya kamata ya samu. Wannan kira ne ga duk mai kishin wurin, mu da muke ziyarta ma a ciki.

Daga nan muka gangara Matan Fada. Wanda ya saba ganin hotunan bikin kamun kifi, dubban masunta suna rugawa cikin ruwa da gora da koma, ya kamata ya sani cewa a ranar da ba biki ba kogi ne shiru, sai jiragen kwale-kwale da gonakin shinkafa a fadama. Kamfanin ya yi dabara mai kyau da ya haɗa mu da wani tsohon masunci, wanda ya nuna mana yadda ake kwanciya a kan gora a yi iyo da ita, da yadda ake buɗe koma biyu a haɗe bakinsu a ƙarƙashin ruwa, da yadda ake zura ƙananan kifaye ta bakin goran. Ya ba wani yaro goran ya ɗaga, yaron ya yi mamakin rashin nauyinta duk da girmanta. Ja-goran ya ƙara da cewa bikin a sigarsa ta yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu a zamanin Sarki Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Ya bayyana aikin Sarkin Ruwa wajen kula da kogin da ba da izinin shiga, da hana kamun kifi a wannan yanki a sauran watanni domin giwan ruwa ta samu ta girma, da wasannin kabanci irin su tseren kwale-kwale da kamun agwagin ruwa. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Jin wannan labari na sulhu bayan an fito daga ɗakin takubba ya sa na yaba wa wanda ya jera wuraren a haka.

Abincin rana tuwon shinkafa ne da miyar kuka da soyayyen kifi, mai zafi kuma wadatacce. An tanadi wurin alwala da salla, an kuma keɓe wa mata nasu wurin zama.

Gwandu ce aka zalunta. Mun isa bayan la'asar, direba yana ta duban agogo domin ba ya son dare ya riske shi a hanya, kuma ba na ganin laifinsa. Aka ce mu yi sauri, muka cire takalma, muka shiga hubbaren, muka yi addu'a, muka fito. Malam Abdullahi, mutumin da aka damƙa wa yammacin Daular Usmaniyya a 1812, wanda ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili da Tazyinul Waraƙati da littattafai da dama a kan shari'a da mulki, wanda ya karantar a garin nan har rasuwarsa, bai kamata a taƙaita ziyararsa zuwa shiga da fita ba. Ja-goran ya yi ƙoƙarin cike giɓin a cikin mota, ya ba mu labarin Kalambaina, inda Malam Abdullahi da ɗan ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka daidaita bayan saɓanin da ya biyo bayan rasuwar Shehu a 1817, amma a lokacin yara sun yi barci, manya kuma sun gaji. Sakamakon haka shi ne adalcin da ya yi da bakinsa, tsarin tafiyar ya rushe shi: Kabawa sun samu wuni, Gwandu ta samu ragowa. Dattijon nan bai ce komai ba a hanyar dawowa, ni kuwa na ji nauyinsa.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Idan kamfanin ya fita a lokacin da ya sanar, ya kuma rage zaman cin abinci, Gwandu za ta samu haƙƙinta. In kuwa hakan ya gagara, gara a raba rangadin gida biyu, Argungu rana guda, Gwandu da Birnin Kebbi wata rana, a nemi wani daga cikin malaman Gwandu ya karɓi baƙi kamar yadda aka nemo masunci a Argungu. Ya kamata kuma a riƙa sanya ruwan sha isasshe a mota, domin wanda aka raba mana ya ƙare tun kafin azahar, a kuma faɗa wa mutane tun wajen biyan kuɗi cewa ba za su ga kamun kifi ba sai a lokacin biki, wanda yakan faɗo tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris.

Malaman makaranta da ke son kai ɗalibai, da iyayen da 'ya'yansu suka tashi a wasu garuruwa ba su san asalinsu ba, za su amfana da wannan tafiya ƙwarai. Ina ba su shawara su zaɓi lokacin sanyi, su riƙe takalmin da ke da sauƙin cirewa, kuma kafin su biya su nemi a tabbatar musu da lokacin tashi da tsawon zaman da za a yi a Gwandu.