Sharhi kan Boss ES-8: maganin dushewar sautin jita

Idan mai jita ya jera fedal (ƙananan akwatunan sauya sauti da ake takawa da ƙafa) takwas a layi ɗaya, ko duk a kashe suke, dole sautinsa ya ratsa kowanne kafin ya kai amfilifaya. A nan ake yin asara. Siginar da ke fitowa daga jita ba ta da ƙarfi, kowace mita ta waya kuma tana ɗauke da kafasitans (wato halin riƙe cajin lantarki) na kusan pikofarad 100, shi ne ke cinye kaifin sauti har ya koma kamar an rufe sifika da bargo.

ES-8, na'urar kunnawa da kashe fedal wadda kamfanin Boss ya fitar a 2015, ta magance wannan. Kowane fedal yana da madaukinsa, waya ɗaya ta kai masa sauti, ɗaya ta dawo da shi. Madaukin da ba a kunna ba, sauti ba ya bi ta cikinsa sam. Tana ajiye saiti, wato tsarin fedal ɗin da za a kunna, har 800, taku ɗaya ya kunna fedal uku ya kashe biyu, kuma ana sauya wanda ke gaba da wanda ke baya ba tare da cire waya ba.

Inda ta fi burge ni shi ne bafa, wato da'irar da ke ƙarfafa sigina don ta jure doguwar waya. Akwai a mashiga da mafita, kowanne saiti da zaɓinsa. Fedal irin Fuzz Face, mai sa sauti ya yi kaushi, yana son jita ta shige shi kai tsaye. Aka sa bafa a gabansa sai ya yi tsini, rage ƙarar jita kuma ba ya tausasa shi yadda ya saba. A saitinsa a kashe bafar mashiga, a bar ta mafita.

Amma fa da wahalarta. Madauki takwas na nufin waya sha shida aƙalla, guda ɗaya mai sakakken baki ta isa ta ɗauke sauti a tsakiyar wasa, don haka a gwada kowace kafin a ɗaure. Ba ta ba fedal wuta, kuma haɗa su duka kan adafta ɗaya na jawo gurnani. A nemi mai raba wa kowanne wutarsa daban. Shigar da saiti ta ƙaramin allonta ma sai da haƙuri.

Mai fedal uku ko huɗu bai buƙace ta ba, gajerun wayoyi masu kyau da bafa guda sun wadatar. Mai biyar ya duba ƙanwarta, ES-5, mai madauki biyar.