Pride and Prejudice: cikakken bugu ko taƙaitacce?

'Yar'uwa, tunda fim ɗin 2005 ne ya ja ra'ayinki zuwa littafin Jane Austen, cikakken bugu za ki saya, mai babi 61 kamar yadda ya fito a 1813, ki bar taƙaitaccen a inda kika gan shi.

Ni ma sai da na haura shekara talatin sannan na karanta shi, bayan na kalli fim ɗin har na haddace wasu wurare. Bugun Penguin Classics na samu, mai bayanai a ƙarshe, ina karanta babi biyu kowane dare idan yara sun kwanta. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ashe babu ruwan sama irin na fim ɗin a lokacin da Darcy ya fara neman auren Elizabeth, jarumar littafin. A cikin ɗaki ne, a gidan Collins, ɗan'uwan mahaifinta, da ke Hunsford, kuma maganganun da suka gaya wa juna sun fi na fim ɗin ɗaci. Wasiƙar da ya miƙa mata washegari, wadda ta cinye kusan dukan babi na 35, sai da na maimaita ta kafin na kashe fitila, domin ita ce ta nuna wa Elizabeth irin rufa-idon da wani soja mai suna Wickham ya yi mata.

A littafin ne kuma na fahimci dalilin da uwar su Elizabeth ta ƙi zama ta ƙi tsayuwa a kan aurar da 'ya'yanta mata biyar: ƙa'idar gadon gidansu na Longbourn ta keɓe shi ga namiji, don haka ranar da mahaifinsu ya rasu Collins ne zai karɓe shi. Tun daga nan na rage yi mata dariya, na kuma daina ganin baiken Charlotte, ƙawar Elizabeth, da ta amince da auren Collins tana da shekara 27. Turancin ya tsufa, zai ɗan wahalar da ke a farko, amma kafin babi na goma za ki saba.

Taƙaitaccen kuwa labarin yana nan, ba'ar marubuciyar ce babu. Ɗalibin da ke koyon Turanci zai amfana da shi.

Ki yi hattara da masu sayarwa, domin nawa taƙaitaccen ba da sanina na saya ba. Wani mai shimfiɗa littattafai a bakin titi ne ya rantse mini cewa cikakke ne, ga hoton 'yan fim a bango, sai da na isa gida na ga shafukan ba su kai ɗari ba. Ki buɗe ledar a gabansa ki duba babi na ƙarshe. Idan bugun da aka kasa kashi uku ne, za ki ga babi 23, 19 da 19. Kada kuma ki biya kowa kuɗin kwafin waya, kyauta yake a shafin intanet na Project Gutenberg.