Geron kunun zaƙi: sayen buhu ko awo, injin unguwa ko na gida?

Wata 'yar'uwa ta ce tana kunun zaƙi na sayarwa, kwano biyu na gero kullum. Tana so ta san wanne ya fi sauƙi: ta sayi buhu ta niƙe ta ajiye, ko ta ci gaba da awo a shago.

Hajiya, tambayar taki biyu ce, saye daban, niƙa daban.

Buhu mai kilo 100 yakan ba da kwano 40 a ma'aunin Kano, wato naki zai ƙare cikin kwana 20. Sai dai kada ki raba kuɗinsa gida 40. Ki haɗa da kuɗin mota da na ɗan dako da la'adar dillali, sannan ki raba gida 38, domin tsakuwa da ƙaiƙayi da ƙurar gindin buhu za su ci nasu. Abin da ya fito shi za ki gwada da farashin mai awo. Wanda ke kusa da kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ko kasuwar ƙauye zai ga bambanci sosai. Wanda sai ya ɗauki shatar Keke Napep saboda buhu guda, ribar kan ƙare a hanya. Awo kuma nasa haɗarin kwano ne, don akwai wanda an bubbuge gindinsa. Ki riƙa zuwa da naki.

Inda buhu ya yi wa awo fintinkau shi ne lokaci. Hatsi ya fi araha da kaka, wajen Nuwamba da Disamba, ya fi tsada a tsakiyar damina, Yuli da Agusta. Mai jari ta sayi buhu uku ko huɗu da kaka, amma sai geron ya bushe sarai: ki ciji ƙwaya, in ta fashe ƙas to ta yi. A juye a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iskar, a ɗaure kowane shafi daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Geron da aka rufe da danshi fumfuna yake yi, wanke shi kuma ba ya raba kunun da warin.

Niƙe buhu gaba ɗaya kuwa, ba mu ba ki shawara ba. Gero yana da maiƙo, garinsa cikin 'yan kwanaki yake fara ɗaci da wari, balle da zafi. Kunun zaƙi ma jiƙaƙƙen hatsi yake so: ya kwana a ruwa, a wanke, a markaɗa da citta da kanumfari da masoro. Ƙullun markaɗe ya fi laushi, dusarsa ta fi kaɗan wajen tata.

Injin unguwa kuɗinsa kullum ne, amma ba ruwanki da fetur da bel da wasa farantin da injin ke niƙa da shi. Matsalarsa ragowar tattasai ko wake na wanda ya riga ki, shi ke sa kunu saurin tsami. Ki je da sassafe, ki sa a ɗauraye, a kuma maimaita markaɗen sau biyu. Ranar da aka wasa faranti ki bari wasu su riga ki, garin ƙarfe kan dusashe launin ƙullu. Injin gida bai biyan kansa da kwano biyu a rana sai in za ki riƙa yi wa maƙwabta markaɗe. Blanda kuma ƙonewa za ta yi.

Abin da ya dace ki yi da yawa ki ajiye shi ne tsiro, wato hatsin da aka sa ya tsira aka busar. Ki jiƙa dawa ko shinkafa mai ɓawo kwana guda, ki baza a jiƙaƙƙen buhu, kina yayyafa ruwa safe da yamma kwana uku zuwa huɗu, ki shanya ya bushe. Yana rage sukarin da za ki saya, muddin ba a zuba shi a kunu mai tururi ba. Sai kunun ya huce yadda yatsa zai jure, don zafi na kashe ƙarfin tsiron, kunun ya zauna da kauri babu zaƙi.