Wa Zai Koya Maka Tuƙi: Ɗan'uwa, Direban Tasha, Ko Malamin Makaranta?

Mai son koyon tuƙi a Kano ko Kaduna yana da hanyoyi uku a gabansa: ya roƙi yayansa ko abokinsa, ya nemi tsohon direban tasha ya ba shi ɗan abin goro, ko ya shiga makarantar koyon tuƙi. A ganina na ukun ne mafita, amma da sharaɗi: makarantar ta kasance mai rajista da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, kuma ka zaɓi malamin da kanka, kada ka bari allon da ke bakin ƙofa ya zaɓa maka.

Ɗan'uwa ba ya karɓar kuɗi, amma motarsa yake ji, kai kuwa tsawa za ka sha daga ranar farko har ka tsani sitiyari. Direban tasha ya san hanya, sai dai zai gadar maka da halinsa: sakin giya a gangara don tsimin mai, da wuce mota a kwana. Sakin giyar nan kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne, domin injin ba ya taimaka wa birki riƙe mota, birkin shi kaɗai ke ɗaukar nauyin har ya yi zafi ya daina kamawa. Ban da haka, dukansu biyun ba za su iya ba ka takardar shaidar da ake nema wajen yin lasisin farko ba.

Abin da za ka fara dubawa a makaranta ba ofis ba ne, mota ce. Buɗe ƙofar gefen malami ka leƙa ƙasa. Idan babu birki na biyu a ƙarƙashin ƙafarsa, juya ka tafi. Ɗan koyo yana ruɗewa ya taka totur a maimakon birki, kuma a wannan daƙiƙar hambirki ba ya wadatarwa, ihun malami ma ba ya tsayar da mota. Duba kuma ko akwai alamar L ta ɗan koyo gaba da baya, madubai uku lafiyayyu, bel mai aiki a kujerun gaba, da tayoyin da ba su suɗe ba.

Sai batun giya. Yanzu yawancin masu koyo otomatik suke so saboda sauƙi. Shawarata ka fara da mai giyar hannu. Wanda ya iya kuloci zai hau otomatik ya tafi cikin yini ɗaya, wanda kuwa ya fara da otomatik sai ya koma ɗan koyo ranar da aka miƙa masa makullin Golf ko Hilux. A nan ne ma ake gane malamin ƙwarai. Zai ajiye ka a fili, ya sa ka riƙa ɗaga kuloci a hankali ba tare da totur ba, har ƙafarka ta gane wurin da mota ke fara rawa tana neman tafiya. Ba zai fitar da kai titi ba sai ka tashi mota sau goma a jere ba ta mutu ba. Zai hana ka ɗora ƙafa a kan kuloci kana cikin tafiya, domin hakan ke cinye faifan kuloci. Bayan haka zai kai ka hawa, ya koya maka tashi da hambirki: ka riƙe shi, ka kawo kuloci wurin kamawa, ka ƙara totur kaɗan, sannan ka sake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cunkoso a kan gadar sama, da a-daidaita-sahu manne da bayansa, ya san darajar wannan darasi.

Malamin ƙwarai ba ya riƙe maka sitiyari kullum. Yana faɗin abin da za ka yi tun da sauran nisa, ba sai an zo bakin kwana ba. Tambaye shi wa ke da hanya a shataletale. Amsar ita ce wanda ya riga ya shiga, mai zuwa ta hagunka. Tambaye shi iyakar gudun ƙaramar mota: kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi na esfires. Idan ya tsaya kame-kame, ya iya tuƙi ne kawai, bai iya koyarwa ba. Mace kuma tana da haƙƙin neman malama, ko a bar muharraminta ya zauna a baya. Makarantar da ta ƙi wannan ba wurin zuwa ba ce.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma cutar tana da yawa. Tsarin FRSC ya tanadi aƙalla awa 26 na horo kafin a ba ɗalibi takardar kammalawa. Wasu makarantu za su rubuta maka darasin awa ɗaya, sai su loda ku huɗu a mota, kowa ya samu minti 15, sauran lokacin kana baya kana kallon ƙeyar wani. Kafin ka biya, tambayi minti nawa hannunka zai yi a kan sitiyari kowace rana, kuma a rubuta a rasit. Tambayi wa zai sayi mai. Akwai masu karɓar kuɗin makaranta da araha, sannan kullum malam ya tsaya a gidan mai ya dube ka. Akwai masu mota ɗaya tal, waɗanda da zarar ka biya duka sai a ce tana wurin bakanike, mako biyu ya wuce ba ka taɓa giya ba. Don haka biya rabi, ka cika bayan darasi na goma. Akwai kuma malamin da ke mai da darasinka hanyar yin aikensa, kai shi kasuwa, ɗauko yaransa daga makaranta, a titi ɗaya miƙaƙƙe kullum, babu ribas, babu fakin, babu shataletale.

Mafi muni su ne masu cewa kawo kuɗi da hoto, lasisinka zai fito cikin kwana uku ba sai ka wahala ba. Lasisin gaskiya yana da matakai: sai ka cika shekara 18, makaranta ta shigar da sunanka a rumbun FRSC, ka gama horo a fitar maka da takarda mai lamba, jami'in VIO, wato masu duba lafiyar motoci, ya gwada tuƙinka, ka biya kuɗi ta banki, sannan ka je cibiyar lasisi da ƙafarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Daga nan ne lasisinka zai fito. Duk katin da ya zo hannunka ba a ɗauki yatsunka ba, jabu ne komai ƙyallinsa, kuma ranar da jami'i ya duba lambarsa a na'ura, ko kamfanin inshora ya nemi ganinsa bayan haɗari, kai za a kama, dillalin ya daɗe da canza layin waya.

Hoton takardar rajista da aka rataye a bango ma kada ya ruɗe ka, ana buga irinsa a kowane shagon kwamfuta. Ɗauki cikakken sunan makarantar ka je ofishin FRSC mafi kusa ka tambaya ko tana cikin jerin waɗanda aka amince da su. Sannan ka dawo da yamma, lokacin da ɗalibai ke saukowa daga mota, ka ja ɗaya gefe ka tambaye shi minti nawa ya yi tuƙi yau, kuma wane malami ne ba ya zagi.