Madubin saitin Vortex Crossfire II a kan 'yar bindigar .22

Duk wanda ke zaune a Amurka ya fara sha'awar harbi, da wuya ka ga bai fara da bindiga mai cin harsashin .22 LR ba. Harsashin ba shi da tsada, ba ya tura kafaɗa, kuma tun 1887 ake yin sa. Tawa Ruger 10/22 ce, samfurin da aka fara fitarwa a 1964, na hannu na saye ta a nan Ohio don harbin takarda a fili da kuma farautar kurege idan lokacinsa ya buɗe ranar 1 ga Satumba. Madubin da nake magana a kansa shi ne Vortex Crossfire II 2-7x32 Rimfire, wanda kuɗinsa bai kai dala 200 ba.

Na sami bindigar da wani tsohon madubi a kanta, ba ma suna a jikinsa, irin na manyan bindigogin farautar barewa. A yadi 50 harsasai biyar sai su watsu kamar an watsa wa kaji tsaba, wani sama, wani can gefe. Irin wannan madubin ana daidaita shi ne a kan yadi 100. Idan ka sa shi a nesan da bai kai haka ba, hoton abin da kake auna da layin giciyen da ke cikin madubin ba sa zama a wuri ɗaya. Gwajin ba wuya. Ka kafa bindigar a kan buhun yashi, kada ka taɓa ta, ka leƙa ta madubin kana ɗan motsa kanka hagu da dama. In ka ga giciyen yana yawo a kan takarda alhali bindiga ba ta motsa ba, to duk sa'ad da kuncinka ya ɗan sauya wurin zama a jikin katako, harsashi ma zai sauya wurin sauka. Tsohon madubin nan giciyensa yana yawo sosai. Na Vortex ɗin an kafa shi a kan yadi 50 tun daga masana'anta, kuma a wannan nesan giciyen a tsaye yake cak. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na saye shi, kuma ya cika alkawari.

Gilashinsa tas yake da rana, da magariba ma ana iya bambance kurege da reshe. Tazarar da ido ke buƙata daga gilashi ta kusa inci 4, don haka mai tabarau irina ba ya wahala. Kowane ƙas na maɓallin saiti yana matsar da harsashi kusan kwatan inci a yadi 100, rabin haka a yadi 50. Madubin yana ninka girman abu daga sau 2 zuwa sau 7. Girman 2 ya fi daɗi a cikin daji, inda dabba ke motsi kuma kana son ganin fili; 7 kuma na kan teburi ne. Ba shi da nauyi, bai ɓata wa bindigar daidaito a hannu ba. Kamfanin kuma yana ba da garantin gyara ko musanya har abada.

Sai dai kada wani ya ɗauka sabon madubi kaɗai ne ya tattara mini harsasai wuri ɗaya. Wani dattijo da ke kula da filin harbinmu shi ya ce mini kafin in ɗaura shi in bi sukurori ɗaya bayan ɗaya. Na tarar biyu daga cikin na gindin madubi sun saki. A 10/22 wannan wurin na alminiyam ne, in ka matse da ƙarfin tsiya zaren ramin sukurin ya lalace, don haka a sami sukurdireba mai awon ƙarfi. Zobban da ke riƙe madubin matsin inci-fam 15 zuwa 18 a kan wannan awon ya ishe su. Akwai kuma sukurori biyu da ke riƙe bututun a jikin bindigar, da guda ɗaya da ke haɗa ta da katako, da zoben ƙarfen da ke gaba wanda in ya matse bututu yakan karkatar da harbi. Mutane da dama cire shi suke yi gaba ɗaya.

Sai harsashi, kuma nan ne bindigar .22 ke da zaɓe. Na kwali mai ɗari biyar da ake sayarwa da araha yana da kyau wajen harbin gwangwani, amma ba ka gwada madubi da shi. Masu gudu irin na ƙafa 1,200 da wani abu a daƙiƙa suna fita da saurin da ya wuce na sauti, sannan su faɗo ƙasa da shi a hanya. CCI Standard Velocity, mai ƙafa 1,070 a daƙiƙa, tun daga bakin bindiga yana ƙasa da saurin sauti, kuma shi tawa ta fi so: a yadi 50 ramukan suna taruwa a fili kamar inci ɗaya idan iska ta kwanta. Bindigar abokina kuwa harsashin kamfanin SK ta fi so. In ka sauya harsashi, ko ka wanke bututu, ka fara harba kamar goma zuwa ashirin a banza, domin kitsen da ke jikin sabon harsashin ya shafe cikin bututun kafin ka yanke hukunci.

Inda wannan madubin ya tsaya shi ne nesa. Ba shi da abin juyawa na daidaita shi da tazara, yadi 50 ɗin nan ne kawai. A yadi 25 ko 100 giciyen zai ɗan yi yawo, sai ka kiyaye wurin ɗora kunci. Girman 7 kuma ba ya nuna maka ramin .22 sarai a yadi 100, inda harsashin ke faɗowa fiye da inci 6 daga saitin yadi 50, ga shi giciyen ba shi da ɗigogin auna faɗuwa. Mai son gasar teburi ko harbin nesa ya ƙara kuɗi ya nemi madubi mai girman 4 zuwa 12 ko sama, mai daidaita tazara. Mai kurege da zomo da harbin takarda ranar Asabar, wannan ya ishe shi, ragowar kuɗin ya sayi harsasai iri uku ko huɗu ya gano wanda bindigarsa ke so.