Sharhi Kan Babban Ƙamus na Oxford Bayan Wata Shida Ina Amfani da Shi

Abin da ya kai ni ga babban ƙamus na Oxford da ke intanet shi ne tsofaffin rubuce-rubucen Turanci kan falsafa da kimiyya, waɗanda kalmominsu suka gagari ƙananan ƙamusoshin da nake da su. An fara buga shi kashi-kashi a 1884 ƙarƙashin jagorancin James Murray, aka kammala a 1928, sannan aka ɗora shi a intanet a 2000.

Falalarsa ita ce ba ya tsayawa ga faɗin ma'ana kawai, sai ya jero jimlolin da marubuta suka sa kalmar a ciki, kowace da shekararta, har mai karatu ya ga inda ta faro da lokacin da ta sauya. Kalmar da ta fi riƙe ni ita ce "quiddity", wadda ta fito daga "quid" na Latin, wato "mene ne". A wurin masana falsafa tana nufin hakikanin abu, abin da ya sa ya zama shi, amma daga baya Turawa suka riƙa amfani da ita wajen jayayya kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ma'anar farkon ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta mantiƙi a zaure, domin ita ce "mahiyya" da Ibn Sina ya yi bayani a kanta, kuma na ji daɗi matuƙa da na gane haka.

Na kuma duba "phlogiston", sinadarin da masanan ƙarni na 18 suka ɗauka yana fita daga abu idan yana ƙonewa, kafin masanin sinadarai ɗan Faransa Lavoisier ya nuna cewa iskar oksijin ce ke haɗuwa da abin da ke ƙonewar. Ita kanta kalmar "scientist" masani ɗan Ingila William Whewell ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1830, kafin nan masanin kimiyya "natural philosopher" ake ce masa.

Samun cikakken bayani yana buƙatar biyan kuɗin rajista ko shiga ta ɗakin karatun jami'ar da ta biya. Mai neman ma'ana cikin gaggawa ƙaramin ƙamus ya ishe shi, amma ɗalibin falsafa da mai fassara ina ba su shawarar su nemi hanyar shiga wannan.